Kutse Ko Sojan Gona? Nazari Kan Satar Asusun Kantin Manhaja Da Sauke Kaya Ba Da Izini Ba

Gabatarwa

Duk mai sauraron labarun Hausa a gidajen rediyo, ko mai karanta jaridunmu, zai lura da cewa kalmar "kutse" ta zama ruwan dare a 'yan shekarun nan. Idan aka shiga kwamfutocin banki, sai a ce kutse. Idan aka raba mutum da shafinsa na Facebook, sai a ce kutse. Idan kuma ya wayi gari ya tarar da waɗansu manhajoji a cikin wayarsa waɗanda bai san lokacin da suka shigo ba, ko ya ga an cire masa kuɗin abin da bai saya ba, nan ma sai a ce an yi masa kutse. Wannan takarda za ta ɗauki fanni guda ne kawai daga cikin waɗannan, watau satar asusun kantin manhaja da sauke kaya da sunan mai asusun ba tare da yardarsa ba. Za mu bi waɗansu al'amura da suka auku daga shekarar 2010 zuwa yau, mu auna su da kalmomin da Bahaushe ya riga ya tanada tun kaka da kakanni don bambance wannan sata da waccan.

Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da sha'anin wayoyi? Amsa ita ce, sunan da aka raɗa wa cuta shi ke nuna inda za a nufa neman magani. Mutumin da ya ɗauka fasa masa ƙofa aka yi, maƙeri zai kira ya ƙara mata ƙarfe, alhali kuwa mai yiwuwa ne ƙofar lafiyarta lau, mabuɗin ne ya bar hannunsa. Fassara kuwa aikinmu ce, kuma mu ne gobe za mu zauna a gidajen rediyo da na jaridu muna zaɓar wa jama'a kalmomin da za su fahimci duniya da su.

Kalmomin aiki

Kantin manhaja shi ne wurin da mai waya ke shiga ta intanet ya ɗauko manhajar da yake bukata, ta kuɗi ko ta kyauta. Biyu ne suka fi shahara. Akwai App Store na kamfanin Apple, wanda aka buɗe ranar 10 ga Yuli, 2008 da manhajoji 500. Akwai kuma na kamfanin Google, wanda ya fara a watan Oktoba na wannan shekarar da sunan Android Market, aka mayar da shi Google Play a watan Maris, 2012. Ba a ɗaukar kaya daga ko wanne cikinsu, ko da na kyauta ne, sai da asusu.

Kalmar "manhaja" aro ce daga Larabci, kuma da can tsarin karatun makaranta take nufi, kafin ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da tsarin umarnin da na'ura ke aiki da shi. "Sauke" kuwa daga sauke kaya ne, kamar yadda ake sauke wa jaki ko mota. Ba mu da ja da waɗannan biyu. Inda ya kamata hankali ya tsaya shi ne kalmar "asusu". Asusu a wurin Bahaushe ɗan tulun yumɓu ne, ko gwangwani, ko akwatin katako mai ɗan ƙaramin baki, wanda yaro ko matar aure ke jefa kuɗi a ciki. Yana ɗakin mai shi, yana ganinsa da idonsa, kuma ba a ɗiban abin da ke ciki sai an fasa shi. Duk wanda ya ji "asusun Google" da wannan hoto a zuciyarsa zai zaci abin yana cikin wayarsa, muddin wayar tana aljihunsa ba abin da zai same shi. To, ba haka al'amarin yake ba. Asusun kantin manhaja yana cikin kwamfutocin kamfani ne a wata uwa duniya, wayar kuwa ƙofa ce guda daga cikin ƙofofi masu yawa da ake iya shiga ta cikinsu. Ya fi kama da littafin mai kanti, inda aka rubuta sunan mutum aka ce duk wanda ya zo ya faɗi wannan suna, ya kuma faɗi wata kalma da aka yi yarjejeniya a kanta, a ba shi kaya a rubuta a shafin mai sunan.

Daga nan sai mu zo ga "izini", wanda shi ne ƙashin bayan wannan nazari. A al'adarmu izini magana ce tsakanin mutum da mutum: an tambaye ka, ka ji, ka ce ka yarda. Kantin manhaja bai san wannan ba. Abin da yake ɗauka a matsayin izini ɗaya ne daga cikin abubuwa uku: ko kalmar sirri, ko wayar da aka riga aka shiga asusun da ita, ko kuma wata shaidar shiga da kamfani ke ajiye wa waya bayan an shiga karon farko don kada a riƙa tambayar mai ita kalmar sirri kullum. Wannan shaida tamkar tambarin da ake buga wa mutum a hannu ne a ƙofar gidan kallo, in ya fita ya dawo sai ya nuna hannu kawai ya wuce. Duk wanda ya riƙe ɗaya daga cikin ukun nan, shi ne mai asusu a idon na'ura.

"Kutse" kuwa daga "kutsa" yake, watau tura kai da ƙarfi cikin wurin da ba a gayyaci mutum ba, ko wurin da ya cunkushe. Kalma ce mai ɗauke da ƙarfi da ture-ture. Sai mu gani ko ta dace da abin da ke faruwa.

Ɓarawon da ke saye daga rumfarsa

A farkon watan Yuli, 2010, masu sayar da manhajojin littattafai a App Store na Amurka suka lura da wani abin mamaki. Daga cikin manhajoji 50 da suka fi kasuwa a sashen littattafai, 42 na mutum guda ne, wani ɗan ƙasar Biyetnam mai suna Thuat Nguyen, wanda ba wanda ya san shi kafin wannan mako. A daidai lokacin kuma mutane suka fara kukan cewa an yi sayayya da asusunsu na iTunes, waɗansu har ta ɗaruruwan daloli. Da aka bincika sai aka ga abin da aka saya musu manhajojin wannan mutumin ne. Apple ya kore shi daga kantin, ya ce asusu kimanin 400 abin ya shafa daga cikin miliyan 150 da ake da su a lokacin, ya kuma ce ba a fasa kwamfutocinsa ba.

Abin lura a nan shi ne yadda kuɗin ke tafiya. A wancan zamani, in aka sayi manhaja, kashi 70 cikin ɗari na mai manhajar ne, kashi 30 na Apple. Saboda haka wanda ya mallaki asusun jama'a ba ya bukatar ya ga lambar katin bankinsu, balle ya cire kuɗi kai tsaye. Sai ya kafa tasa rumfar a cikin kasuwar, ya sa musu hannu su saya daga wurinsa, kuɗin su fito masa ta halastacciyar hanya a ƙarshen wata. Riba ta biyu kuma ita ce, yawan sayen yana ɗaga kayansa zuwa saman jerin waɗanda suka fi kasuwa, inda masu saye na gaskiya za su gan su su zaci abin kirki ne. Asusu 400 kacal suka isa su cika sashe guda na kasuwar da kayan mutum ɗaya. Wannan ya nuna cewa sunan mai asusu ma haja ce, ba kuɗinsa kaɗai ba, kuma za mu sake cin karo da wannan batu a gaba.

Shin wannan kutse ne? Ba a fasa kanti ba, ba a ture mai gadi ba. An zo ne da sunan wani da kalmarsa, aka karɓi kaya. Bahaushe yana da suna ga wanda ya sa kakin da ba nasa ba ya ci albarkacinsa: sojan gona.

Ɓarayin zaune

Inda akwai kayan sata, akwai mai saye. A watan Janairu, 2011, jaridar Global Times ta ƙasar Sin ta ba da labarin cewa ana tallar asusun iTunes kimanin 50,000 a kasuwar intanet ta Taobao, farashinsu daga yuwan 1 zuwa 200. Mai saye yakan yi sauri ya kwashi waƙoƙi da finafinai da manhajoji kafin mai asusun ya farga ya sauya kalmar sirri. Amma misalin da ya fi wannan ƙayatarwa ga mai nazari shi ne na KeyRaider, wanda kamfanin tsaro na Palo Alto Networks ya bayyana a ƙarshen watan Agusta, 2015, tare da taimakon wata ƙungiyar masu sha'awar na'ura ta ƙasar Sin mai suna WeipTech.

Kafin a fahimci KeyRaider sai an san cewa Apple yakan sa wa wayoyinsa takunkumi, ya hana su karɓar manhaja daga inda bai amince ba. A lokacin akwai masu cire wa wayoyinsu wannan takunkumi da gangan don su sami sakewa, su riƙa ɗauko kaya daga wata kasuwar bayan fage mai suna Cydia. Ta wannan kasuwa ce aka watsa KeyRaider, ya yi shigar burtu cikin waɗansu manhajoji masu kamar amfani. Da zarar ya shiga waya sai ya laɓe a kan hanyar da saƙo ke bi tsakanin wayar da kantin Apple, ya kwafe sunan asusu da kalmar sirri, ya aika wa ubangidansa. Da haka aka tara asusu fiye da 225,000 daga ƙasashe 18.

Me aka yi da su? Nan ne labarin ya yi daɗi, in har ana iya cewa labarin sata yana da daɗi. An ƙirƙiro waɗansu manhajoji biyu aka raba wa jama'a, aka ce duk wanda ya sa su a wayarsa zai sauke kayan App Store na kuɗi ba tare da ya biya ko anini ba. Mutum ya taɓa "saya", kaya su sauko, ba a cire masa komai ba. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne, manhajar takan zaro asusu guda daga cikin waɗancan na sata ta yi sayayyar da shi, lissafin ya faɗa kan wani bawan Allah a wata ƙasa. An sauke waɗannan manhajoji biyu fiye da sau 20,000. Watau mutum dubu ashirin ke cin guminsu mutum dubu ɗari biyu da ashirin da biyar, kuma da yawa daga cikinsu ba su tsaya sun tambayi kansu wa ke biya ba.

A nan Hausa ta yi tanadi, domin tana da "ɓarawon zaune", watau wanda bai haura katangar kowa ba amma kayan sata a hannunsa suke ƙarewa. Kalmar "kutse" ba ta da wurin da za ta ajiye waɗannan mutum dubu ashirin, sai ta bar su su wuce kamar ba ruwansu. A ganina wannan babban giɓi ne, musamman da yake a cikinmu ɗalibai ba a rasa masu farautar manhajar kuɗi a kyauta. Daɗin daɗawa, su kansu waɗanda aka sace wa asusu ba wanda ya cire wa wayarsu takunkumi sai su da hannunsu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan bai wanke ɓeran ba, amma ya nuna inda ya kamata a sa murfi.

Cin abinci da yawun wani

Ranar 30 ga Nuwamba, 2016, kamfanin Check Point na Isra'ila ya ba da sanarwar wata muguwar manhaja da ya raɗa wa suna Gooligan, wadda ta mamaye asusun Google fiye da miliyan ɗaya, tana kuma kama wayoyi kimanin 13,000 a kullum. Wannan ya fi na baya kusa da mu, domin wayoyin Android ya shafa, masu tsari na 4 da na 5, waɗanda su ne a hannun mafi yawan jama'a a lokacin. Kashi 57 cikin ɗari na wayoyin da aka kama suna Asiya, kashi 15 kuma suna Afirka. An same ta a ɓoye cikin manhajoji 86 da ake ɗaukowa daga kantunan bayan fage, ba daga Google Play ba.

Gooligan ba ta damu da kalmar sirri ba. Takan yi amfani da raunin da ke cikin tsofaffin tsare-tsaren Android ta ƙwace ikon wayar baki ɗaya, ikon da ya fi na mai wayar kansa, sa'an nan ta ɗauke shaidar shigar nan da muka kwatanta da tambarin gidan kallo. Wanda ya riƙe tambari kuwa ba a sake tambayarsa komai a ƙofa, ko da mai asusun ya sa tantancewa mai mataki biyu. Da wannan tambari sai ta shiga Google Play da sunan mai waya, ta sauke manhajojin da bai nema ba, ta ba su taurari, har ta rubuta musu yabo da sunansa. Aƙalla manhajoji 30,000 take saukewa a kullum ta wannan hanya. Masu ita suna karɓar lada daga kamfanonin talla a kan kowace manhaja da aka sauke. Google ya ce bai ga alamar an taɓa wasiƙu ko hotunan mutane ba, manufar ita ce tallata manhajoji, ya kuma soke shaidun shigar da aka sace.

To, ga mutumin da ba a cire wa ko sisi daga banki ba. Me aka sace masa? An ci datarsa da ya saya da kuɗinsa, an cika masa waya, an tsotse masa batir. Amma babban abin da aka ɗauka shi ne bakinsa. An sa shi ya yi shaidar zur bai sani ba, ya ce kaya kaza masu kyau ne alhali bai taɓa ganinsu ba, wani kuma ya dogara da shaidarsa ya sauke. Bahaushe yakan ce wane ya ci da yawun wane, watau ya yi amfani da sunansa ya biya bukata. Ban ga jimlar da ta fi wannan dacewa da aikin Gooligan ba. Sai dai dole a yi adalci a ce a nan kalmar "kutse" tana da ɗan gurbi, tun da an yi amfani da rauni an shiga cikin waya da ƙarfi. Ko da haka, mai wayar ne ya fara buɗe wa baƙuwar ƙofa ranar da ya sauke ta daga inda ba a tantance kaya.

Damfara da sane

Sauran hanyoyin ba sa bukatar doguwar magana, domin mun san su a kasuwa tun kafin a ƙera waya. A watan Agusta, 2012, waɗansu matasa suka buga wa ma'aikatan Amazon waya da sunan wani ɗan jaridar mujallar Wired mai suna Mat Honan, suka yi dabara har suka ga lambobi huɗu na ƙarshen katin bankinsa. Suka buga wa ma'aikatan Apple, suka faɗi lambobin da adireshinsa, aka ba su sabuwar kalmar sirri. Cikin ɗan lokaci suka share duk abin da ke cikin wayarsa da kwamfutarsa daga nesa, domin asusun da ake sayen manhaja da shi, shi ne dai mabuɗin sauran kayan mutum. Da baki aka yi wannan aiki, kamar yadda ɗan damfara ke yi. Bayan wata bakwai, a Maris 2013, Apple ya shigo da tantancewa mai mataki biyu. A watan Oktoba, 2018 kuma, kamfanin biyan kuɗi na Alipay ya gargaɗi jama'a a ƙasar Sin cewa ana kwasar musu kuɗi ta asusun Apple da suka haɗa da shi. Apple ya ba da haƙuri, ya ce an yaudari mutanen ne da shafukan bogi suka rubuta kalmominsu da kansu, kuma ba su kunna mataki na biyun ba.

Akwai kuma ɗan sane. A farkon 2023 jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoton yadda ɓarayi a biranen Amurka ke leƙen mutum yana danna lambobin buɗe wayarsa a wurin taro, sa'an nan su zare wayar, su sauya kalmar sirrin asusun da waɗannan lambobi kaɗai, su kulle mai shi a waje. Sai a watan Janairu, 2024 Apple ya fito da kariyar da ke neman fuska ko zanen yatsa, da jiran sa'a guda, kafin a sauya kalmar sirri idan wayar ba ta wurin da ta saba zama.

Wanda ba ɓarawo ba

Ba duk saukewa marar izini ce ke da ɓarawo a bayanta ba. A watan Janairu, 2014, hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta sa Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 saboda sayayyar da 'ya'yansu suka yi a cikin wasannin waya. Dalili shi ne, in uba ya rubuta kalmar sirri sau ɗaya, kantin yakan bar ƙofa a buɗe na minti 15 ba tare da an gaya masa ba, yaro ya yi ta dannawa. Wata uwa ta ce 'yarta ta kashe dala 2,600 a wasa guda. A watan Satumba na wannan shekara Google ma ya amince da mayar da aƙalla dala miliyan 19, nasa wa'adin kuwa minti 30 ne. Yaro bai yi sata ba, ɓarna ya yi, kuma hukumar ta ɗora alhakin a kan mai kanti. Muhimmancin wannan hukunci shi ne ya ƙi yarda da ma'anar izini irin ta na'ura. Ya ce sai mutum ya san abin da zai biya, ya kuma yarda, sa'an nan a kira shi izini, watau ma'anar da Bahaushe ya sani tun farko.

A ƙasar Hausa

Mafi yawan masu waya a garuruwanmu Android suke riƙe da ita, kuma kaɗan ne suka haɗa katin banki da Google Play. Wannan ya sa irin asarar da aka yi a Amurka da Sin ba ta cika samunmu ba, ya kuma sa ake raina al'amarin. Amma muna da tamu hanyar da mabuɗi ke barin hannu, wadda ba ta cikin waɗanda aka ambata a sama.

Kowa ya san yadda ake yi. Dattijo ko matar aure ta sayi sabuwar waya, wayar ta nemi asusu kafin ta yi aiki, rubutun kuma da Turanci. Sai a miƙa wa yaron shago, ko mai cajin waya na bakin titi, ko wani ɗa a gida, a ce ya "buɗe" ta. Shi zai zaɓi suna, shi zai zaɓi kalmar sirri, sau da yawa lambar wayar mai ita ce ko shekarar haihuwa, wani lokaci ma lambarsa zai sa a matsayin lambar ceto. Wani don sauri sai ya sa asusunsa na kansa a wayoyin mutum goma. Mai waya ya tafi gida bai san yana da asusu ba, balle ya san an riƙe masa mabuɗi. Akasarin masu wannan aiki taimako suke yi tsakani da Allah, kuma ba don su ba da mutane da yawa ba su mori wayoyinsu ba. Sai dai ya kamata a san girman abin da aka bari a hannunsu. Wanda ya shiga asusun Google na mutum ta kwamfuta yana iya zaɓar manhaja a shafin Google Play ya tura ta, ta sauka a wayar mai asusun ba tare da ya taɓa wayar ba. Yana iya ganin lambobin mutanensa da hotunan da aka adana a asusun, yana iya ganin inda wayar take, yana ma iya share ta. A wayoyin Apple kuma, idan mutum biyu suna kan asusu ɗaya kuma an kunna saukewa ta kai tsaye, abin da ɗaya ya sauke yakan bayyana a wayar ɗayan. Da yawa daga cikin manhajojin da mutane ke cewa sun shigo da kansu, ta nan suka biyo.

Idan irin wannan mataimaki ya yi amfani da abin da ya sani ya cuci mai waya, sunan laifinsa cin amana. A kira shi kutse rage masa nauyi ne, domin ɗan kutse baƙo ne, mai cin amana kuwa an san shi, an yarda da shi. Akwai kuma al'adar tura wa juna manhaja daga waya zuwa waya don tsimin data, da sauke kwaikwayon WhatsApp masu ƙarin ado daga shafukan da ba a san masu su ba. A shekarar 2021 kamfanin Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin ɗaya daga cikinsu mai suna FMWhatsApp, aikinta kuwa sauke waɗansu manhajoji a ɓoye da yi wa mutum rajistar abin da za a riƙa cirar masa kuɗi. Ƙofar da Gooligan ta bi ke nan, har yau a buɗe take.

Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ba ta tara waɗannan laifuffuka a kalma ɗaya ba. Shiga kwamfuta ba da izini ba yana sashensa, satar suna da sojan gona suna nasu, yaudara da shafukan bogi ma haka. Idan doka da aka rubuta da Turanci ta bambance, babu dalilin da zai sa mai fassara ya dunƙule su alhali harshensa ya fi wadatar kalmomi a wannan fage. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce mu bar "kutse" ga inda aka fasa tsarin na'ura da gaske, mu ce "sojan gona" inda aka yi amfani da sunan wani, "damfara" inda aka yaudare shi ya ba da kalmarsa, "cin amana" inda shi ya danƙa ta ga wanda ya sani. Mai sauraro da ya ji an ce damfara zai kiyayi saƙon da ke nemansa ya rubuta kalmar sirri. Wanda ya ji cin amana zai koma gida ya tambayi wa ya buɗe masa waya, ya nemi a nuna masa jerin na'urorin da ke kan asusunsa, wanda Google da Apple duka suna nunawa a sashen tsaro, ya cire waɗanda bai sani ba, ya sauya kalmar, ya sa lambarsa a gurbin ceto. Idan kuwa har an riga an cire masa kuɗi ta kati, Google yana karɓar ƙarar sayayyar da ba a yi da izini ba cikin kwana 120 daga ranar da aka yi ta.